Ƙananan ƙwarin da ke fitowa daga ƙwan tsutsar masara: yadda ake gane jinsinsu

Tambaya: Ni malamin gona ne, ina zaune a Jos, ina aiki da manoman masara a yankin Mangu. A watan Yuli na tsinko ganyaye masu ɗauke da ƙwan tsutsar nan mai cin kan masara, na zuba a kwalabe. Wasu ƙwai sun ƙyanƙyashe tsutsa, wasu kuma sun yi baƙi ƙirin. Bayan kwana 11 sai ga wasu ƙwari kamar ƙura suna yawo a jikin kwalaben. Yawancinsu baƙaƙe ne masu sheƙi, kaɗan kuma ruwan ƙasa-ƙasa ne masu jajayen idanu. An ce mini duk Trichogramma ne. Ina da gilashin hannu mai ninka girma sau 10, kuma zan iya samun aron madubin ɗakin gwaji mai kai wa sau 400. Ta yaya zan tabbatar da jinsinsu?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Wanda ya ce maka duk Trichogramma ne ya yi hanzari. Daga bayaninka kaɗai, abin da ke cikin kwalaben nan ya kai jinsi biyu, kuma ko danginsu ba ɗaya ba ne. Baƙaƙen masu sheƙi sun fi kama da Telenomus, na dangin Scelionidae. Masu jajayen idanun kuwa alamu sun nuna 'yan dangin Trichogrammatidae ne, amma a cikin wannan dangin akwai jinsi biyu da ke shiga ƙwan irin wannan tsutsa a ƙasashenmu, wato Trichogramma da Trichogrammatoidea, kuma gilashin hannu ba zai raba maka su ba. Don kada kalmomi su rikice: idan na ce dangi, ina nufin babban rukuni, jinsi shi ne kalmar farko a sunan kimiyya, kamar Telenomus, iri kuma shi ne cikakken suna mai kalma biyu, kamar Telenomus remus. Da madubin da za ka aro za ka iya kai wa ga jinsi da kanka, ka kuma tsaya a kai da ƙarfin gwiwa. Iri kuwa aikinsa ya fi haka nisa.

Dukkansu 'yan'uwan rina da zanzaro ne, sai dai tsawonsu bai fi rabin milimita ba, ko ya ɗara kaɗan. Macen tana huda ƙwan tsutsa ta saka nata ƙwan a ciki, ɗanta ya cinye abin da ke ciki, ya girma a nan, ya huda ɓawon ya fito da fikafikansa. Ba sa harbin mutum, ba sa cin ganye.

Mu fara da ƙwan, domin tun a nan ake yawan kuskure. Wannan tsutsa, Spodoptera frugiperda, asalinta nahiyar Amurka ce, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Uwarta, wadda wata irin asu ce mai tashi da dare, tana zuba ƙwai a dunƙule, sau da yawa 100 zuwa 200 a wuri ɗaya, wani lokaci hawa biyu ko uku, ta lulluɓe su da gashin jikinta mai ruwan toka. Lafiyayyen ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3 idan da ɗumi, kuma shi ma yana yin duhu dab da ƙyanƙyasa, saboda baƙin kan tsutsar da ake hangowa ta cikin ɓawo. Saboda haka duhun ƙwai a rana ta biyu ba shaidar komai ba ne. Ƙwan da aka shiga, baƙinsa yana zuwa ne a makare, wajen kwana 4, bayan 'yan'uwansa sun riga sun fashe, kuma baƙin yana manne a jikin ɓawon ne daga ciki. Ko bayan ƙwaron ya fita, ɓawon yana nan baƙi da 'yar ƙofa zagayayya a samansa ko a gefe. Ɓawon da tsutsa ta fita daga ciki fari ne garai-garai, kuma galibi ma ta cinye shi. Abin lura shi ne Telenomus da Trichogramma da Trichogrammatoidea duk suna baƙanta ƙwai. Baƙin ƙwai yana gaya maka an shiga, ba ya gaya maka wanda ya shiga.

Akwai dai wata alama a dunƙulen da za ta ba ka haske kafin ka je ga madubi. Telenomus remus yana kutsawa ta cikin gashin da ya rufe ƙwan, ya kai har hawan ƙasa, shi ya sa za ka tarar dunƙule ya baƙanta kusan gaba ɗaya, kuma ƙwaro ɗaya ne ke fita daga kowane ƙwai. 'Yan dangin Trichogrammatidae gashin yana hana su sakat, sun fi samun ƙwan da ke gefe-gefe da na sama inda rufin ya yi shara-shara, kuma ƙwai ɗaya kan iya fitar da biyu. Wannan hasashe ne kawai, ka rubuta shi a littafinka amma kada ka yanke hukunci da shi.

Idan za ka sake tsinko wasu, ga yadda za ka yi don kada wahalarka ta tafi a banza. Yanke ganyen da almakashi, ka bar kamar santimita 2 kewaye da ƙwan. Kowane dunƙule da kwalbarsa. Da zarar ka haɗa biyu a kwalba ɗaya, ba za ka ƙara sanin wanda ya fito daga ina ba. Toshe bakin da auduga, a danne ta sosai, domin waɗannan ƙwari suna ratsa sakakkiyar auduga su fice. Kada ka rufe da murfin roba ruf: ganyen zai yi gumi, fikafikansu su manne a raɓar su mutu, ƙwan kuma ya yi fumfuna. Saka ɗan siririn tishu a ciki ya riƙa tsotse laima. Rubuta wuri da kwanan wata da irin shukar da ko an yi feshi, da fensir a 'yar takarda, ka jefa cikin kwalbar. Sannan abu mafi muhimmanci: kowace safiya ka buɗe ka kwashe tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe da burushi mai laushi. Sabuwar tsutsa idan ta gama da ɓawonta takan juya kan ƙwan da ke kusa, kuma waɗanda kake jira ne za ta cinye. Ajiye kwalaben a inuwa cikin tire, ka ɗora tiren a kan wani abu da ke tsaye cikin ruwa saboda kiyashi da cinnaka.

Batun jira, Jos ba Abuja ba ce. A zafin digiri 25 zuwa 27 Trichogramma yana kammala girma daga ƙwai zuwa fitowa cikin kwana 8 zuwa 10, Telenomus kuma yana ɗan ɗara haka. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma ɗaki a watan Yuli da Agusta yana iya yin sanyin da zai ja lokacin ya kai mako biyu ko fiye. Kada ka zubar da kwalba kafin ta cika mako uku. Sanyin nan yana da wani tasiri da ya shafi tambayarka kai tsaye: ɗan Trichogramma da ya girma cikin sanyi yana fitowa da duhun jiki fiye da ɗan'uwansa na ciki ɗaya da ya girma cikin ɗumi. Wanda zai fito rawaya a Gwagwalada yana iya fitowa ruwan ƙasa mai duhu a Bokkos. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana suka daina dogaro da launi tuntuni.

Idan suka fito, ka ba su yini guda jikinsu ya yi ƙwari. Idan kana so su rayu, ja siririn layin zuma da bakin allura a jikin kwalbar; ɗigo guda cikakke tafki ne a wurinsu, a ciki za su nutse. Suna bin haske, don haka in za ka buɗe, juya gindin kwalbar wajen taga, duk za su taru can, ka yi aikinka a bakin. Kashe su ta hanyar sa kwalbar a firiza na rabin awa, ko ka zuba musu itanol, wato sipirit na ɗakin gwaji, kai tsaye. Mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ya isa don duba siffa. Ka ware wasu a mai kashi 95 ka sa a firiza, ko da za a buƙaci gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, daga baya. Sipirit mai launi na kemis ba ya wannan aiki na biyu. Kada ka bar masu jajayen idanun su bushe a iska, domin jikinsu taushi gare shi, yana shanyewa ya lotse, ƙahonni, wato siraran antenar da ke kansu, su nannaɗe. Baƙaƙen suna da tauri, suna jure bushewa.

Da gilashinka na sau 10 za ka iya raba su gida biyu. Telenomus baƙi ne mai sheƙi kamar an shafa masa mai, yana da ɗan ƙugu tsakanin ƙirji da ciki, cikin kuma shimfiɗaɗɗe ne, ƙahonninsa dogaye. Ɗan Trichogrammatidae gajere ne dunƙulalle, ƙirji da ciki a haɗe ba ƙugu, fikafikan gaba faffaɗa masu zagayayyen baki kamar mafici, ƙahonni gajeru, idanu ja. Iyakar gilashin hannu ke nan.

Yanzu sai madubi, kuma abu na farko da za ka duba shi ne ƙafa. Ɗiga gilisarin kaɗan a kan gilashin silaid, ka ɗauko ƙwaro ɗaya daga itanol. Kayan ɗauka mafi kyau shi ne gashin ido guda da aka manna a tsinken ashana, ko siririyar allura. Kwantar da shi, ka ɗora murfin gilashi a hankali, ka fara da ninki 40 ka nemo shi, sannan ka koma 100. Ƙafar ƙwaro tana da cinya, da ƙwauri, sannan tafin ƙafa mai ƙananan gaɓoɓi a jere, wanda masana ke kira tarsus. Ƙidaya gaɓoɓin tafin. Idan 3 ne, ɗan Trichogrammatidae ne, kuma wannan ita ce babbar shaidar dangin gaba ɗaya. Idan 5 ne, ba shi ba ne, ko da idonsa ya fi gauta ja. Telenomus 5 gare shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙidaya ɗan kushin da ke can ƙarshe tsakanin farata a matsayin gaɓa, sai 3 ta zama 4. Gaɓa ta gaskiya tana da tsawo da gashi da mahaɗa a fili. Fara ƙidaya daga inda ƙwauri ya ƙare, wurin da wata 'yar ƙaya ta fito, ka tsaya kafin farata. Ƙafar baya ta fi sauƙin gani. Duba ƙafa biyu ko uku, ka kuma duba ƙwari aƙalla biyar daga kowace kwalba, domin dunƙule ɗaya yana iya fitar da jinsi biyu.

Baƙaƙen ba za su ba ka wahala ba. Bayan gaɓoɓi 5 a tafin ƙafa, duba ƙaho: na macen Telenomus galibi gaɓa 11 ne, na ƙarshe-ƙarshen sun kumbura sun yi kulki, na namiji 12 ne, kusan kai ɗaya, a jere kamar carbi. A bayan cikin, faranti na biyu ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, ya rufe mafi yawan cikin. A fiffiken gaba jijiya tana bin gefen gaba, ta fitar da ɗan reshe zuwa ciki, sannan ta ci gaba da bin gefen bayan reshen. Gashin fiffiken kuma a warwatse yake, babu layi. Idan waɗannan sun cika, kuma daga ƙwan Spodoptera ya fito, rubuta Telenomus. Irin da aka fi sa rai shi ne Telenomus remus, wanda masanin ƙwari Nixon ya siffanta a 1937 daga Malesiya, kuma a 2019 aka wallafa cewa yana nan a gonakin Nijar da Benin da Kodebuwa da Kenya da Afirka ta Kudu, tun kafin a kai ga shigo da shi da gangan. Duk da haka jinsin yana da ɗaruruwan iri masu kama da juna, don haka a rahotonka ka tsaya a sunan jinsi har sai masani ya tabbatar.

Masu gaɓa 3 su ne ke buƙatar natsuwa. Duba fiffiken gaba a ninki 100, sannan 400, ka rage hasken madubin ta ƙasa don gashin ya fito. Za ka ga gashin ya jeru layi-layi daga gindin fiffike zuwa baki, kamar kunyoyin gona. Daga nan sunan Trichogramma ya samo asali: kalmomin Girkanci ne biyu, gashi da layi, kuma masanin ƙwari Westwood ne ya raɗa shi a Ingila a 1833. Jijiyar fiffiken gajera ce, ba ta kai rabin tsawonsa ba, kuma ta lanƙwasa ta taɓa gefen gaba ta sake karkatowa ciki, siffar harafin S kwance. Jinsin biyu duk suna da wannan. Abin da ya raba su yana ƙarshen jijiyar. Kai idonka kan ɗan kumburin da ta ƙare da shi. A Trichogramma akwai wani gajeren layin gashi da ya taso daga nan ya gangaro baya a karkace, yana ratsa sauran layukan. A littattafai ana kiransa RS1. A Trichogrammatoidea babu shi, wurin fili ne. Sannan gezar da ta kewaye bakin fiffike: a Trichogramma gajera ce, a Trichogrammatoidea ta fi tsawo sosai idan aka gwada da faɗin fiffiken. Ita geza tana ɗan yaudara, domin ƙaramin ƙwaro da ya fito daga ƙaramin ƙwai gezarsa takan yi tsawo a kan girman jikinsa. Layin RS1 ya fi ta amana.

Shaida ta biyu tana kan ƙahon namiji, kuma a ganina ita ce mafi daɗin gani ga mai farawa. Mata a jinsin biyu ƙahonsu kusan iri ɗaya ne: doguwar gaɓar gindi, gajera mai bi mata, ƙananan zobba da da ƙyar ake gani, gaɓoɓi biyu ƙanana, sai kulki guda mai gajeren gashi. Da ƙahon mace ba za ka raba su ba. Namijin Trichogramma kuwa duk abin da ke bayan gaɓa ta biyu ya narke ya zama abu ɗaya dogo, ɗan lanƙwasasshe kamar ayaba, da dogayen gashi tsaye a jikinsa ta ko'ina. Namijin Trichogrammatoidea gaɓoɓinsa a rabe suke: biyu ƙanana, sannan kulki mai gaɓa uku, kana ganin mahaɗarsu. Akwai 'yan tsirarun Trichogramma da ƙahon mazansu ke da gaɓoɓi, shi ya sa ake so fiffike da ƙaho su yi shaida tare. Gane namiji ba wuya: shi ne mai ƙaho buzu-buzu. Mace kuma za ka ga siririn bututun saka ƙwai kwance a ƙarƙashin cikinta.

Na tsaya a kan wannan bambanci ne saboda a Afirka ta Yamma sunan Trichogramma ya fi yawo a baki, amma sau da yawa abin da ake samu a gona Trichogrammatoidea ne. A Nijar, masu bincike sun samu Trichogrammatoidea armigera a ƙwan tsutsar zangarniyar gero, wadda mutanen Maradi ke kira murzuna, sun kuma samu wani ɗan wannan jinsi tare da Telenomus remus a ƙwan tsutsar masara. Masanin ƙwari Girault ne ya ware jinsin Trichogrammatoidea a 1911. Don haka kada ka yi mamaki idan masu jajayen idanunka suka fito ba RS1.

Wasu baƙi kuma kan faɗo cikin kwalba. Idan ka ga siriri mai dogayen ƙahonni fiye da jikinsa, fikafikai kamar gashin tsuntsu masu doguwar geza a kan siririn ƙashi, ɗan dangin Mymaridae ne, kuma mai yiwuwa daga ƙwan wani ƙwaro da ke binne cikin naman ganyen ya fito, ba daga dunƙulenka ba. Wannan ma dalili ne na yanke ganyen ƙarami. Chelonus, baƙi mai girman milimita 5 ko kusa da haka, za ka iya ganinsa a gona yana tattaka dunƙulen ƙwai, amma ba ya fitowa daga ƙwai: yana saka nasa a ciki, tsutsar ta ƙyanƙyashe da shi a cikinta, sai daga baya ya kashe ta. In kuma wata rana ka ga mai gaɓa 3 a buhun wake, wannan Uscana ne, mai shiga ƙwan ƙwaron wake.

Zancen iri. An siffanta Trichogramma fiye da iri 200, kuma matansu kusan ba sa rabuwa a ido. Tun wajen 1970, bayan aikin masana Nagaraja da Nagarkatti a Indiya, abin da ake dogaro da shi shi ne al'aurar namiji: wani ɗan kwanso a ƙarshen ciki da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ana duba siffar farantin da ke samansa, da tsawon ɗan tsinin da ke tsakiya ta ƙasa, da inda rassan gefe suka tsaya. Wannan farantin sama ma shaida ce ta uku a kan jinsi, domin Trichogramma yana da shi, Trichogrammatoidea ba shi da shi. Ma'anar wannan a aikace ita ce maza su ne dukiyarka. Galibi sun fi mata ƙaranci, don haka ka tsince su ka ware a kwalba daban, kada ka ƙarar da su a gwajin gilisarin.

Don a ga wannan kwanso sai an yi silaid na sosai. Hanya mai sauƙi ita ce ruwan Hoyer, wanda ake haɗawa da ruwa tatacce mililita 50, ƙaro giram 30, sinadarin kuloral haidiret giram 200, da gilisarin mililita 20. Ƙaron nan dai namu ne na kasuwa, a zaɓi fari mai tsabta, a jiƙa ya narke da kansa ba wuta, sannan a zuba sauran bi da bi, a tace da ƙyalle mai laushi har sai ba datti. Kuloral haidiret guba ne kuma ba a sayar da shi barkatai, don haka wannan haɗi a ɗakin gwaji ake yin sa. Ɗigo ƙarami ake sawa, a kwantar da ƙwaron rub da ciki, a ware fikafikai da ƙahonni, a ɗora ƙaramin murfi, a danna kaɗan-kaɗan ana kallo ta madubi har kwanson ya leƙo daga ƙarshen ciki. Idan ƙwaron ya kwanta ta gefe, kwanson ma ta gefe zai kwanta, kuma ba abin da za a karanta a jikinsa. Ɗaga murfin ka sake. Idan aka danna da ƙarfi, kwanson ya baje, faɗinsa ya ƙaru, awon ya tashi daga aiki. A busar a ɗumin digiri 40 zuwa 45 na mako guda, sannan a zagaye bakin murfin da jan farce marar launi, shafi biyu. Wannan shafin ba ado ba ne. Hoyer yana shan laimar damina ya yi ruwa, da hunturu kuma ya bushe ya tsattsage, kuma a Jos duka biyun suna da ƙarfi.

Silaid mai daɗewa shekaru da Kanada balsam ake yi, wani ƙaron itace mai garau. A cire fikafikai tukuna a ajiye gefe, domin sinadarin da ke wanke jiki yana lalata su. A jiƙa jikin a wannan sinadari, wato KOH, mai kashi 10 cikin ɗari, ba tare da dafawa ba, ana dubawa har ya yi garau. In ya wuce lokaci sai ya yi fari fat, kwanson ya ɓace wa ido. A ɗauraye da ruwa mai ɗigon asid na asetik, a bi da shi ta itanol mai ƙaruwar ƙarfi, 50, 70, 95, har 100, kamar minti 10 zuwa 15 a kowanne, sannan man kanumfari, sannan balsam. Idan ka ga hazo fari kamar madara ya kewaye ƙwaron a cikin balsam, ruwa ne ya rage a jikinsa, an yi gaggawa a matakan itanol. Wannan aiki yana son hannu da ya saba, kuma idan mazanka ba su fi biyar ba, gara ka aika su cikin itanol ga wanda ya iya da ka koya a kansu.

Wani lokaci kwalba takan fitar da mata zalla. A wasu Trichogramma akwai ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia da ke sa mace ta haifi mata ba tare da namiji ba. An nuna a 1990 cewa idan aka ba su maganin kashe bakteriya a cikin zuma, maza suna dawowa. Amma kafin ka kai ga wannan zato, gwada abu mai sauƙi. A wannan rukunin ƙwari, ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba namiji yake zama. Ware baƙaƙen ƙwai ɗaya-ɗaya a ƙananan kwalabe kafin su fashe. Macen da ta fito ita kaɗai ba ta sadu da namiji ba. Ba ta sabon ƙwai da zuma, 'ya'yanta duk maza za su fito, ka samu na silaid har da ragi. In kuwa ta haifi mata, to ka san layin nan ba ya buƙatar namiji, sai a koma ga DNA, inda ake amfani da yankin da ake kira ITS2 don raba ire-iren Trichogramma. Ƙwan da ake kiwonsu da shi cikin sauƙi shi ne na asun hatsi, Corcyra cephalonica, wanda ke rayuwa a kan gero ko dawa. Ana kashe ɗan da ke cikin ƙwan da fitilar UV ko da sanyi, a manna ƙwan a kati da ruwan ƙaro tsararo. Telenomus remus kuwa ya fi son ƙwan Spodoptera, da shi za ka riƙe shi.

Idan za ka aika samfur, tuntuɓi sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos, ko masu ilimin ƙwari a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ko cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda ke da babbar ma'ajiyar ƙwari a Kwatano. Cika 'yar kwalbar da itanol har baki, ka tura ɗan tishu ciki ya hana ƙwarin kai da kawo, domin girgizar mota tsakanin Jos da Zariya ta isa ta karya ƙahonni, kuma ƙahon ne ake nema. Takardar bayani ta shiga ciki, da fensir, tawadar biro tana narkewa. Haɗa da busasshen dunƙulen ƙwan da suka fito daga ciki a wata kwalba daban, da lamba iri ɗaya. Kada ka aika duka, riƙe rabi a wurinka.

A rahoton da za ka rubuta, ga kowane dunƙule ka sa yawan ƙwai, nawa suka fitar da tsutsa, nawa suka yi baƙi, nawa ke da ƙofa, da maza da mata nawa na kowane jinsi. Ka tuna adadin da za ka samu zai gaza abin da ke faruwa a gona, domin ƙwan da ka tsinko yana sabo ka raba shi da ƙwarin da da za su same shi washegari. Sunan kuma ka rubuta shi daidai inda shaidarka ta tsaya: gaɓa 3 kawai ka gani, ka ce ɗan dangin Trichogrammatidae, ka ga RS1 da ƙahon namiji mai gaɓa ɗaya, ka ce Trichogramma sp. (sp. na nufin ba a tantance iri ba); babu RS1 kuma kulkin namiji gaɓa uku ne, ka ce Trichogrammatoidea sp. Gonakin da ka tarar da baƙaƙen dunƙule da yawa kuma ka yi musu alama, ka nuna wa masu su ƙwan da gilashinka, domin feshin magani mai kashe kowane ƙwaro, irin su lamda-saihalotirin, yana gamawa da waɗannan ƙananan tun kafin ya taɓa tsutsar da ta riga ta shige cikin kan masara.